Rigar Baffa a Kan Igiyata

Ko zan manta da komai a duniyar nan, ba zan taɓa mantawa da ranar kasuwar da Baffa Idi ya tako keke daga Gafasa don ya duba ni ba. Yau haƙora sun zube, ido ya yi rauni, amma da zarar na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi kamar jiya aka yi.

Ni tela ne. A wancan lokacin ina saurayi, ina aiki a shagon wani Alhaji a bakin kasuwar Gaya, mu huɗu kowa da keken ɗinkinsa. Shekarun gyaɗa ne. In kaka ta yi aka sayar da amfani, sai mutanen Kademi da Gafasa da sauran ƙauyuka su cika mana shago da yadi: maigida ya ɗinka, matan gida su ɗinka, har jariri sai an yanka masa 'yar shara. Mu kuwa sai yanga. Mutum ya taho tun daga nesa da yadinsa, ka dube shi a ɗage ka ce ya dawo bayan Sallah. (Ni na fi kowa iya wannan wulaƙancin, Allah Ya yafe min. Tef ɗin awo ma ba na cire shi daga wuya, ko masallaci za ni.)

Sai aka yi fari. Ba a gama farfaɗowa ba kuma ciwo ya faɗa wa gyaɗa, ganye ya ƙanƙance, aka tono babu komai. Gari ya yi tsit. Wanda a da yake ɗinka kala uku ya koma ɗaya, mai ɗaya ya ce ta bara ma ba ta mutu ba. Alhaji ya fara cewa mu riƙa tashi da azahar. Daga nan ya ce mu riƙa zuwa ranar kasuwa kawai. Ranar kasuwar ma mu huɗu muke rububin wando ɗaya. Wata safiya ya kira ni gefe, ya kasa haɗa ido da ni.

"Ka ga yadda gari ya koma," ya ce. "Kai ne ƙarami, kuma ba ka da iyali. Ɗauki keken can na kusurwa, Allah Ya sa masa albarka."

Korata aka yi, cikin mutunci. Amma da yake a sana'armu in maigida ya yaye yaronsa keke yake ba shi, sai na samu mafaka. Na ɗora keke a ka na ratsa kasuwa ina washe baki, duk wanda ya tambaya sai in ce, "Ai Alhaji ya yaye ni, nawa zan buɗe." Na kai shi zauren gidanmu na girke. Wata biyu cur ina zaune, in ban da ƙuda babu abin da ya shigo. Masu kawo faci sun leƙo sau biyu ko uku, na ce musu ni ba telan tsumma ba ne.

Abin da ya hana ni sakat kuwa shi ne Hajara. 'Yar Gafasa ce, shekara guda ina zarya a kanta, kuma ina sonta so na gaskiya, ba zan ɓoye muku ba. Manya sun shiga maganar, an kai gaisuwa, saura sa rana. Ana nan sai baffanta Idi, ƙanen mahaifinta, wanda aurenta yake hannunsa, ya aiko cewa ranar kasuwa mai zuwa zai biyo ya ga wurin sana'ata. Na riga na yanke wa kaina hukunci: in ya ga zauren nan wayam, Hajara ta tafi.

Ga wanda bai sani ba, tela da igiyarsa ake gane shi. Kowane shago akwai igiyar da ake rataye kayan da aka gama, suna jiran masu su. Mai wucewa ba ya tambayarka ko kana samun aiki, igiya kawai zai kalla. Tawa igiyar kuwa, tawul ɗina ne kaɗai a kanta.

Sai na tuna da abokina Ɗanlami mai wanki da guga. A shekarar nan duk Gaya shi kaɗai ne kasuwarsa ta buɗe, domin da mutane suka daina ɗinka sabo, sai suka koma fito da tsofaffin rigunansu a sa musu bula da sitaci, a kai wa masu bugu su buge su har su yi ƙyalli. Rigar da ta sha bugu, daga nesa ba ka raba ta da sabuwa. Na same shi na yi ta magiya.

"Kayan mutane ne fa," in ji Ɗanlami.

"Yini ɗaya tak. Kafin la'asar sun dawo. Duk wanda ya zo karɓa ka ce ba su bushe ba."

Da ƙyar ya yarda. Na zaɓi masu kyan ciki, har da wata farar babbar riga mai aikin hannu a wuya, wadda ta fi duka ɗaukar ido. Ita na rataye a tsakiya, daidai ƙofa. Inna, mahaifiyata, ta leƙo zauren ta ga abin da nake yi, ta riƙe haɓa.

"Kai dai ka faɗa wa bawan Allahn nan gaskiya. Wa yake da shi bana?"

"Inna, ba ki san harkar sana'a ba," na ce. (Ku ji fa. Matar da ta yi shekara talatin tana sayar da ƙuli-ƙuli.)

Ranar kasuwa tun da hantsi na rataya tef a wuya na hau keke. Igiya ta cika, saura ƙara, domin zauren tela ba ya yin shiru. Na samu wani ƙyallen akoko na sa a ƙarƙashin allura ina ta taka keke. Zare kuwa ya yi tsada, ɗan wanda ya rage min ina tattalinsa, sai na zare shi na ajiye. Ƙarar dai ɗaya ce. Haka na yi ta kai ƙyallen nan gaba ina dawo da shi, har ya zama kamar rariya.

Wajen azahar na ji sallama. Baffa Idi ne, dogon dattijo marar yawan magana, ya jingine kekensa a jikin bango, da wani ƙaton ƙunshi ɗaure a baya. Na sauko na durƙusa na gaishe shi, na shimfiɗa tabarma, Inna ta miƙo ruwa. Ya tambayi jiki da gida, sannan ya ce, "Ya sana'a, ɗana?"

A nan ne ya kamata in yi shiru. Ko "Alhamdu lillahi" kawai na ce da ta wadatar. Amma ina! Bakina ya ɓalle.

"Wallahi Baffa, aiki ya yi min yawa. Mutane sun hana ni numfashi. Har korar wasu nake yi."

"Masha Allah," ya ce. "A wannan shekarar?"

"Ai hannu ne, Baffa. In mutum ya iya, ko ana yunwa sai an neme shi."

Na koma kan keke wai don ya ga ba ni da lokaci, na ci gaba da takawa. Shi kuma ya miƙe yana bin igiya da kallo, ɗaya bayan ɗaya, har ya zo kan farar rigar nan ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ni kuwa daɗi ya kama ni, na ce a raina ta burge shi.

"Wannan fa?"

"Wannan ta wani Alhaji ce daga Kano. Shekaranjiya na gama ta. Kwana tara na yi a kan wuyan nan kaɗai."

"Kai ka yi aikin wuyan?"

"Da hannuna, Baffa."

Ya zura hannu a aljihun rigar, ya juyo da cikinsa waje. Sai ga faci na jar atamfa, an yi shi da baƙin zare, ɗinkin hannu irin na mata.

"Ɓera ne ya ci nan shekara uku da suka wuce," ya ce a hankali, "iyalina ta toshe min. Wanda ya yi aikin wuyan kuwa ya daɗe da rasuwa, Allah Ya ji ƙansa. Makon jiya na ba wani maƙwabcina ya kawo ta wanki. Yanzu na biya ta wurin mai wankin, ya ce min ba ta bushe ba. Ashe nan aka kawo ta shan iska."

Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Abin takaici kuma, ƙafata ta ƙi tsayawa, sai taka keke nake yi kamar wanda aka yi wa asiri. Baffa ya matso ya sunkuya, ya dubi allura, ya dubi ƙyallen da ya zama rariya.

"Tsaya haka, ɗana. Babu zare."

Na tsaya. Zauren ya yi shiru, har ina jin Inna a bayan ƙyaure tana salati ƙasa-ƙasa.

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya sauke rigarsa daga igiya, ya ninke ta a tsanake, yana magana ba tare da ya ɗaga murya ba.

"Ka san dalilin da ya sa na ba da ita wanki? Ita na yi niyyar sawa ranar da manyanka za su zo sa rana. Labarin sallamarka kuwa ya riga ka isa Gafasa. Ba mu ga laifinka ba, shekarar ce ta zo da haka, ni ma rumbuna ya kusa kaiwa ƙasa. Ka ga ƙunshin can a bayan kekena? Gida-gida na bi na tara tsofaffin kayan da suke son faci, na ce surukinmu tela ne, a kawo mu ba shi ya samu na cefane. Ni ba mai arziki na zo nema wa Hajara ba. Wanda in babu zai ce babu, shi na zo nema."

Ya sa rigar a hammata, ya yi wa Inna sallama daga nesa, ya hau kekensa. Ƙunshin bai kwance shi ba. Ina tsaye a ƙofar zaure da tef a wuya, ina kallon aikin gaske na farko da ya zo min cikin wata biyu yana komawa inda ya fito.

Kafin la'asar na mayar wa Ɗanlami kayansa ban da rigar Baffa, shi ma ya sha faɗa a kaina, ya yi wata guda ba ya amsa gaisuwata. Bayan mako biyu aka dawo mana da kayan gaisuwa, ba tare da wata doguwar magana ba. Inna ta karɓa ta shiga ɗaki, ba ta ce "na faɗa maka" ba, kuma rashin faɗar ya fi yi min ciwo. Na yi kuka, ba zan yi muku ƙarya ba, na daina wannan. Da shekara ta zagayo Hajara ta auri wani manomi a Kademi, wanda aka ce da aka tambaye shi abin da yake da shi, cewa ya yi gona ɗaya da jaki, jakin ma gurgu.

Ni kuwa yunwa ta sauke min girman kai. Na ɗauki keke na koma gindin wata bishiya a kasuwa, na zama telan tsumman da na ce ni ba shi ba ne. Da facin nan na ci, na yi aure, na aurar.

Shekaru da yawa bayan haka, wata ranar kasuwa, wata dattijuwa ta tsaya a gabana da wandon jikanta ya yage a gwiwa. Ban gane ta ba sai da ta yi magana. Ta ajiye wandon a kan keke, ta gyara mayafi, ta ce, "Malam tela, a yi min faci. Amma don Allah wannan karon a sa zare."

Ashe Hajara ce. Na sa, har layi biyu na bi.

In akwai abin da na koya, shi ne duk wanda zai yi ado da wankin mutane, ya fara leƙa aljihu. Wanda ya fi wannan sauƙi kuma, in babu ka ce babu. Kalma ɗaya ce, na kasa faɗarta, ita ce ta raba ni da Hajara.