Yadda Za Ka Zama Gwanin Wuski Ba Tare da Ka Taɓa Kurɓa Ba

Ɗan'uwa ɗalibi, in kuɗin tallafin karatunka sun ƙi isa wata, kuma Allah ya ba ka hanci, zauna ka saurara. Na yi maka alkawarin in ka bi matakan nan, Turawan ofisoshin jakadanci za su riƙa gyaɗa maka kai kan giyar da ba ka san ɗanɗanonta ba, surukanka kuwa ba za su ji labari ba. Ni Ukasha na jarraba da kaina. Rabin farko na alkawarin ya cika sarai.

Mataki na ɗaya: Samo aikin da ba shi da suna

Nemi gidan abinci a unguwar Mohandessin da ke Giza irin na maigidana Ayman, wanda ke tara baƙi da la'asar su ɗanɗani wuski mai hayaƙi. Faɗa masa sharaɗinka tun farko: ba ka ɗauka, ba ka zubawa, ba ka sha. Kai bayani kawai za ka yi. Zai yi dariya ya ce, "Tamam, ya Sheikh," domin baƙi na son jin bakin mai gemu a kan kwalba.

Daga nan buɗe littattafan fiƙihunka ka nemo inda aka ambaci mai sansanawa. In ba ka gani ba, rufe da sauri kafin ka gani. Kada ka kai wa malaminka tambayar, don ka riga ka san amsar da zai ba ka.

In an tambaye ka a gidan su yarinyar da kake nema, ce kana aikin fassara. Haka na gaya wa mahaifiyar budurwata Wijdan, Hajja Tagwa, Bahaushiyar Sudan da ke haɗa turaren wuta a unguwar Ainu Shams. Ta sa mini albarka har da ɗaga hannu.

Mataki na biyu: Haddace yadda ake yin ta

Wanda ya haddace matanin nahawu ba zai sha wuya a nan ba. Sha'ir ake jiƙawa har ya tsiro, kamar yadda ake wa dawa. Sai a busar da shi a kan hayaƙin wata baƙar ƙasar fadama, ruɓaɓɓen ciyayi da ya daɗe a jiƙe, wadda ake yankowa a shanya ta ci wuta. Fit suke kiranta. A niƙa, a jiƙa, a bar shi ya tashi, a turara a tukwanen tagulla, a zuba a gangunan katako, a manta da shi shekaru.

Ka jaddada musu abu biyu. Sha'ir zalla ne daga gida ɗaya, ba gauraye ba. Kuma yadda ta fito daga ganga haka aka ɗura ta, ba a sirka da ruwa ba, shi ya sa take ƙona maƙogwaro. In ka zo kan maƙogwaro, shafa naka a hankali. Ba wanda zai tambaye ka ko ya taɓa ƙonewa.

Mataki na uku: Sansana, ka tuna madafin gidanku

Ayman zai riƙe kofin, kai ka kai hanci, ka lumshe ido, ka yi jim. Abin da za ka ji shi ne kifi banda da aka ajiye kusa da kwalbar aidin, sai ɗan ƙamshin zuma can baya yana neman hanya. Kada ka faɗa haka. Ce, "Ina jin teku, ina jin wutar da aka kashe da ruwan sama." Ni ban ga teku ba sai bayan na fara aikin, amma wani Bature ya ce na tuna masa kakansa.

In sun ɗiga ruwa kaɗan a kofi don ƙamshin ya buɗe, yaba musu. Ni kullum sai in ce su ƙara, a zuciyata ina ganin zunubin na raguwa. Ayman ya ja ni gefe ya ce in na sake mai da masa kaya zoɓo, khalas, aikina ya ƙare.

Mataki na huɗu: Canza riga kafin ka je zance

Wannan matakin shi ne ban bi ba, shi ya sa na fi kowa saninsa. Ayman kan ƙona guntun baƙar ƙasar a kasko don ya burge baƙi, hayaƙin kuma yana kama tufa. Wata Alhamis na makara, na shiga jirgin metro da rigar aiki har Ainu Shams. Ina durƙusawa in gaishe da Hajja Tagwa ta kama hannun rigata ta kai hanci.

"Ya waladi, wane icce ne wannan? Ba ɗalha ba ne, ba sandal ba ne. Duk turaren garin nan na san uwarsa, wannan ban san shi ba."

Ka lura, a nan akwai ƙofar gaskiya, a buɗe. Gwani ba ya bi ta nan. Na lumshe ido kamar a wurin aiki na ce turaren wata ƙasa ce mai sanyi, manyan mutane kaɗai ke samunsa, kuma duk duniya ba ƙamshin da nake so kamarsa. Wijdan na bakin labule tana ji.

Mataki na biyar: In suruka ta ce kawo, kawo

Za ta ce kawo. A al'adarsu amarya takan yi makonni tana zama kan dukhan kafin biki, ta lulluɓa da bargo a kan tukunyar hayaƙi har ƙamshin ya zauna a fatarta. Hajja ta ce tunda angon na son wannan, da shi za a turara 'yarta.

Roƙi maigidanka guntu, ka ce na nazari ne. Naɗe shi a takarda mai kyau, ka miƙa da hannu biyu. Hajja ta gauraya shi da ɗalha, ta ce da farko kamar an ƙona tsohon takalmi, amma kayan manya haka suke, sai an saba. Wijdan ta riƙa kirana tana tari, tana cewa, "Yaya Ukasha, idona kamar zai faɗo, amma ma'alish, ba komai, in dai kana so." Ni kuwa na ce ta daure. Kunya ta kama ni sosai ranar, sai dai ba ta kai ta buɗe mini baki ba.

Mataki na shida: Kada ka gayyaci maigidanka walima

Ni ban gayyace shi ba. Na dai nemi hutun rana ɗaya, ya tambayi dalili, na faɗa, Bamisire kuma ba ya jin an yi biki ya zauna. Ranar walimar sa rana, bayan sallar Juma'a, sai ga shi da tiren alawar basbusa, ya sha ƙaramar bas da metro don ya karrama ni.

Gidan duk ya ɗauki hayaƙin, labule, kujeru, har burodi. Ayman ya tsaya a ƙofa ya ja numfashi, fuskarsa ta washe.

"Ya Sheikh Ukasha! Har gida ka kawo aiki?"

Kawun Wijdan, Fadl, wanda shi ne waliyyinta, ya ce wane aiki, fassara? Ayman ya ɗauka tawali'u ne ya hana ni faɗa. Ya dafa kafaɗata ya shiga yabona: a duk Giza ba hancin da ya san wuski kamar nawa, Turawa sun sayi kwalabe saboda bakina, wannan hayaƙin ma da shi ake busar da sha'irin. Ya ƙara da rantsuwa cewa ban taɓa kurɓa ba. A ganinsa ya wanke ni.

Ba wanda ya taɓa basbusar.

Mataki na bakwai: Karɓi sauran kayanka cikin mutunci

Za ka so ka jawo nassi. Kada ka soma, na gwada. Na fara bayanin bambancin mai sha da mai sansanawa, Kawu Fadl ya ce in ajiye wa malamaina. Hajja ta tashi ta buɗe tagogi duka.

Wijdan ce ta fito da ragowar ƙasar a leda. Ba ta ɗaga murya ba.

"Da ka ce mini ga aikin da talauci ya sa ka, da na yi fushi, da na huce, da mun nemi wani tare. Amma ina zaune kan wuta ina hawaye, ina ce wa ƙawayena ƙamshin da mijina ke so ne. Ka ji ina tari, ka ce in daure."

Ta sa mini ledar a hannu. Hannun nata ƙamshin yake yi.

Sauka bene a hankali, ka rage wa kanka abin kallo. A ƙasa Ayman zai tambaye ka, "Na faɗi wani abu ne?" Ce masa a'a, kuma gobe ba za ka zo ba. Sannan ka nemi motar unguwarku, Faisal.

Sanarwa

Marubucin nan ba ya ɗaukar alhakin aikin da ya tafi, ko ranar da aka warware, ko fatawar da malaminka zai yanke a kanka. Hancinka ne, rigarka ce. Kada kuma a aiko masa tambaya kan ɗanɗanon wuski, har yau bai sani ba. Ƙamshin kawai ya sani. Ledar na nan a ƙasan akwatinsa, ya kasa zubarwa, kuma in ya buɗe ba ya jin teku, Wijdan yake ji tana tari.