Rasuwar Kamarar Abdussamad Mai Hoto

Da zuciya cike da baƙin ciki, Malam Abdussamad mai hoto na kasuwar Gangara yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar kamararsa, wadda ta cika ranar Laraba bayan shekara goma sha tara tana aiki. Ruwan sama ne ya doke ta a bayan babur a hanyar Agiye. Ta yi jinyar mako uku cikin buhun gero ko za ta bushe, kafin mai gyara a Maraɗi ya buɗe cikinta, ya rufe, ya ce, "Malam, sai haƙuri."

Marigayiya ba ta san gaggawa ba. In an kunna ta sai ta yi ta kuka, tsiiii, har mutum ya shanye furarsa kafin fitilarta ta yarda. Abdussamad ya sha zaginta a kan wannan hali, yau kuwa kunya yake ji. A cikin jiran nan ne yake tambayar mutum gida, da gona, da ciwon ƙafar bara, har fuska ta saki. Kawu Hayatu makiyayi, wanda ko matarsa ba ta cika ganin haƙoransa ba, a nan aka tambaye shi saniyarsa da ta haifi tagwaye, ya manta da kansa ya bushe da dariya, sai ƙyas! Tun da Allah ya yi masa rasuwa, hoton nan kaɗai iyalinsa suke dubawa.

Ta bar labule mai zanen gidan sama, da benci, da baƙin tabarau guda da samarin gari suke karɓa-karɓa. Ta kuma bar wayar salula da Sufyanu ɗan mai hoto ya aiko daga Yamai, mara tarbiyya, mai ɗaukar mutum tun bai gama sallama ba. Duk wanda ta ɗauka sai ya fito kamar jandarma ne suka kira shi. Balki mai ƙosai ta maido nata ta ce, "Wannan ba ni ce ba." Benci ya fara yini babu kowa.

Za a naɗe marigayiya a tsohon rawani, a sa ta ƙasan akwati ranar kasuwa bayan la'asar. Zaman makoki a kan bencin ne. In Abdussamad ya ɗaga salular ya ce ba ta shirya ba tukuna, ya shiga tambayar gida da gona, kowa ya san ƙarya ce. Ana roƙon jama'a su rufa masa asiri, su gyara zama su amsa.