Kukan Ampli a Shekarar Fari

"Ina gajiya, amarya? Na ga dai yau ma ba ki mutu ba."

"Sai na ga bayanka, maigidan banza. Wane irin miji na wanga, mai tada iyali da kukan jaki?"

Kukan da Kadidiya take nufi ba na jaki ba ne. Amplin jikanta Attahir ne, akwatin ƙara sautin gitar da kawunsa ya aiko masa daga Abijan. Kwana huɗu ke nan da an kunna shi sai ya kama gunji, ga fedal ɗin da ake takawa a sauya sauti ya yi ɓatan dabo. Yau kuwa bayan la'asar Sarkin Samari zai zo har gida ya saurari Attahir, don a zaɓi mai gitar da zai bi 'yan garin Tawa zuwa wasan samariya. Hankalin yaron ya tashi ƙwarai, amma bakinsa bai mutu ba.

"Tsohuwa mai ran ƙarhe, ba ki ga wani ɗan ƙarhe baƙi mai wutsiya ba?"

"Tarkon kusu? Yana gindin tukunyar hatsina. Kwana ukku ina sa mai ƙuli-ƙuli, ko kusu guda bai kama ba. An cuce ka."

Attahir ya ruga ɗakinta ya ɗauko. Ya juya fedal ɗin, gari ya zubo, tururuwa suka biyo baya. Ya tsaya baki buɗe.

"Abin da yat taho daga Abijan kinka ɗana ma kusu?"

"Shekarag ga, wanda bai tsare hatsi ba mi amfaninai? Kai ma da na samu wuri da na ɗana ka."

Ya share da tsinke, ya hura, ya soka, ya taka. Fedal ya ce ƙyas, ya kama aiki. Gunjin dai yana nan. Ya ɗora yatsu kan wayoyin gitar, sai kuran, wato wutar lantarki, ya fizge shi, ya yi tsalle har hularsa ta faɗi.

"Innalillahi, kuran ya cije ni."

"Alhamdu lillahi. Aljanin akwati ya gane ubangidanai."

Attahir ya zauna ya dafe kai. Ya riga ya sauya waya, ya buɗe bayan akwatin ya leƙa, bai ga komai ba. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Sai ya bi siririyar wayar da mai gyaran rediyo ya ɗaura masa tun bara, wadda ta fita ta taga ta je ga wani rodi da aka kafa a gindin katanga don ƙasa ta riƙa shanye wutar da ta yi yawa. Ya taɓa rodin, ya ji yana lilo. Ƙasar wurin ta bushe ta tsattsage.

"Amarya, ba nan kika alwala ba?"

"Dā. Tun ran Lahadi da pompo yab bar zuwa sai jihwa-jihwa, cikin kwano nika yi, in zuba ma zogalena. Ina ruwanka da alwalata?"

Ya ƙirga da yatsu. Lahadi, kwana huɗu cif. Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

"Ashe ke ta injiniyata. Ƙasa sai da laima taka shan kuran. Shekara guda ruwan alwalarki ka riƙe da amplin ga."

Carbi ya suɓuce daga hannun Kadidiya.

"Mi kac ce? Sau biyat kullum ina tsarki don Allah, ashe gangar shaiɗan nika shayarwa?"

"Duk wadda tar rausaya a bikin garin Affala, da ladarki ciki."

"Allah shi tsare ni da ladar. In tahi lahira a ce ga makaɗiya ta iso?"

"To ara mini buta guda."

"Ka haukace? Mata na kwana biyu suna bin layi kan tulu guda, kai ka ce in ba ƙarhe ruwa? Ka yi mai hitsari."

"Kuran shi bi ta nan? Ke za ki yi asara, ba ni ba."

Dariya ta kusa ƙwace mata, ta danne. Attahir ya leƙa tulu, abin da ya rage bai wuce na tuwon dare da sallarta ba. Wasa ya fita daga ransa. Ya naɗe wayar gitar a hankali ya ce, "Bari, kaka. Baɗi ma shekara ta."

Tunda ya yi wayo bai taɓa kiranta kaka ba. Ladan ya kira azahar. Ta ɗauki butarta, ta wuce kwanon zogale ko kallonsa ba ta yi ba, ta tsuguna a gindin rodi. Ta wanke hannu, ta wanke fuska, ruwa yana sauka ƙasa tana shanyewa. Kafin ta kai ƙafar hagu gunjin ya ragu, ya ragu, ya ɗauke. Attahir ya taɓa wayoyin gitar da tsoro, babu abin da ya cije shi.

"Kaka..."

"Kak ka sake kirana kaka, ban sake ka ba tukuna," in ji ta tana yarfe hannu tana dariya. "In zogalena ya mutu, gitar za ka ci da tuwo. Kuma ka hwaɗa ma Sarkin Samari shi zo da wuri. Alwalag ga ba ta kai magariba."