Babur Marar Tausayi na Chaudhry Gondal

Duk birnin Gujranwala babu namiji irin Chaudhry Rafaqat Gondal, mai shagon tayil. Shi da kansa ya sanar da mu haka, kuma mutum mai gashin baki kamar ƙahon bauna ai ba ya ƙarya. 'Yan unguwa na kiransa Janar, ko da yake yaƙin da ya taɓa yi bai wuce da ƙashin rago a faranti ba.

Abu ɗaya ya hana Janar sakat: ranar Lahadi ƙungiyar masu manyan babura za ta zaɓi shugaba, ga abokin takararsa Butt Sahib ya sayo wani dankareren babur. Sai Janar ya garzaya garejin Ustad Liaqat, inda ya tarar da wani baƙin babur ƙirar hannu, dogo, sirdinsa kamar tafin hannu.

"Chaudhry Sahib, wannan fa bayansa ƙarfe ne zalla, ba abin da ke shanye girgiza," in ji Ustad. "Kowane rami, ƙugunka ne zai karɓa."

Janar ya murza gashin baki. "Ustad ji, kakana a kan doki marar sirdi ya je ɗaurin aurensa. Laushi na masu babbar mota ne. Ba ni makulli in ɗana!"

Dama tun da zai fito daga gida, matarsa Shagufta ta ce ya biyo mata da kindirmo. Ya saya, ya rataya ledar a bayan babur, ya kama hanyar kasuwar hatsi, wadda ramukanta sun girmi wasu 'yan ƙungiyar. A ramin farko haƙoransa suka gaisa. A na gaba ya kira sunan mahaifiyarsa. Masu shayi da suka ga yana tsalle a sirdi suka ɗauka gwaninta ce, suka hau tafi, shi kuma bawan Allah dole ya ɗaga musu hannu.

Ya isa gida yana tafiya kamar agwagwa. Shagufta ta kwance leda, ta leƙa.

"Kindirmo na aike ka, Chaudhry Sahib. Wannan ai lassi ne, kaɗaɗɗen nono, har man shanu ya taso."

Ƙugunsa ya roƙe shi ya mayar da babur. Amma labarin tafin ya riga shi zuwa ƙungiya, sai ya saya. Ran Lahadi ya yi jawabi a tsaye, ya ci abinci a tsaye, ya ce shugaba na gari ba ya zama. Ya lashe zaɓe da gagarumin rinjaye.

A nan aka tuna masa dokar da shi ya kafa bara: sabon shugaba ne ke jan ayari har tsaunukan Murree, a kan babur ɗinsa, ba tsayawa. Wallahi sai da ya ba ni tausayi.

Da safe yana hawa yana cije leɓe, Shagufta ta fito da garwar kindirmo, ta ɗaure masa a baya.

"Tunda dai za ka," ta ce, "kada girgizar ta tafi a banza."