Ranar da Na Ɗaga Zomanya Ta Kunne

Ba zan taɓa mantawa da Larabar da gwaggona da wata farar zomanya suka haɗa kai suka tsinka ni a bainar jama'a ba.

Lokacin ina karatun digiri na biyu, bincikena a kan ganyen zogale ne da sukarin jini, kuma da zomaye zan yi gwajin. Sai jami'armu ta kafa doka: ba wanda zai taɓa dabbar gwaji, ko da ɓera ne, sai ya yi horon kwana uku kan yadda ake kula da su ba tare da azabtarwa ba, likitar dabbobi ta sa masa hannu. Wanda bai samu sa hannun ba sai ya jira zagaye na gaba, bayan damina. Ni kuwa na riga na ɓata shekara guda, har malamin da ke duba aikina ya fara amsa gaisuwata da ka kawai.

A gonar gwajin jami'ar aka yi horon, can wajen Tsanyawa, tafiyar minti goma a babur daga ƙauyenmu. Na je ina hura hanci. Ni da na tashi a gidan da zomaye suka fi kaji yawa, wa zai koya mini zomo? Gwaggo Asabe, yayar babana, ita ke kiwon su a bayan ɗakinta, ita ce ma ke kai wa gonar harawa da ganyen dankali kullum da hantsi. (Gaskiyar magana, ni ban taɓa kiwon ko ɗaya ba. Aikina shi ne raka su kasuwa a cikin kwando, da cin nama ranar da aka yanka. Wannan ɓangaren ban faɗa wa kowa ba.)

Kwana biyun farko a kujerar baya na yi su. Dakta Maryam, likitar da ke horar da mu, mace ce mai sanyin murya. Tana ta bayani: kada a yi hayaniya kusa da keji, a sa musu wurin ɓuya, a shafa maganin kashe zafi kafin a ɗebi jini, in zomo shida za su isa gwaji kada a taɓa goma. Ni kuma ina raɗa wa na kusa da ni cewa saura a sa musu fanka da talabijin. Yana ƙunshe dariya, kaina yana ƙara girma.

Rana ta uku aka shiga ɗakin zomayen don gwaji a aikace. Dakta ta ce wa zai fara fito mana da ɗaya. 'Yan birni suka shiga kallon takalmansu. Na gyara farar rigata ta ɗakin gwaji, wadda ta sha guga, na ratsa su na buɗe keji. Na damƙi kunnuwan wata zomanya, na ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, har da ɗan juyawa saboda na baya.

Ta harba ƙafafu, ta yi wata siririyar ƙara, ta karce ni daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Sannan ta saki fitsari a gaban rigar tawa, tun daga aljihun biro har ƙasa.

"Malam, sauke ta," in ji Dakta. "A hankali, don Allah."

Na sauke. Ta yi bayani ba tare da ta ɗaga murya ba, cewa kunnen zomo ba mariƙi ba ne, jijiyoyi ne cike da shi, kuma in ya harba ƙafa yana reto a sama ƙashin bayansa na iya karyewa, shi ke nan ya shanye. Mai hankali a nan zai ce a yi haƙuri, ya koma baya ya goge rigarsa. Ni sai na tsaya gardama.

"Dakta, ba wai jayayya nake yi ba," na ce, alhali ita nake yi. "Ku a littafi kuka san zomo, mu da shi muka tashi. Daga nan har Makoda haka ake ɗaukar sa, kuma ban taɓa jin wanda ya karye ba."

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Asabe a bakin ƙofa da damin harawa a ka. Daɗi ya kama ni. Na ce ga shaida ma Allah ya kawo, wannan gwaggona ce, tun kafin a haife ni take kiwo.

"Gwaggo, don Allah faɗa musu. Ba ta kunne muke ɗaukar zomo a gida ba?"

Ta sauke kayanta ba gaggawa. Ta dubi rigata, ta dubi zomanyar da ta lafe a lungun keji tana rawar jiki, sannan ta dube ni.

"Ku wa?" ta ce. "A wane gidan ka gani? 'Yan kasuwa ne ke ɗaukar su haka, su da ba su san wahalarsu ba, zomon da za a yanka kafin la'asar. Duk zamanka a gabana ka taɓa ganin na ja kunnen ɗaya? Naka dai na sha ja, ga shi bai yi amfani ba."

Ɗakin ya kece da dariya. Har wanda na yi wa raɗar fanka da talabijin sai da ya dafa bango.

Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba. Ta wanke hannu a bokitin da ke bakin ƙofa, ta zura hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirjin zomanyar, ɗayan ya tallafi gindinta, ta manna ta a jikinta, ta cusa kan zomanyar a hammatarta, ta ja gefen mayafi ta rufe mata ido. Dakta ta ce wa 'yan aji su matso su gani, wannan shi ne abin da take ta zanawa a allo tun shekaranjiya. Sai Gwaggo ta kamo hannuna ta ɗora a haƙarƙarin dabbar.

"Ji aikinka," ta ce.

Zuciyarta na bugawa kamar za ta faso fata. A nan ne kunya ta gaskiya ta kama ni. Dariyar mutane zan iya shanyewa, wannan kuwa ya fi ƙarfina.

Dakta ba ta sa mini hannu ba ranar. Amma maimakon in jira bayan damina, ta ce za ta dawo gonar bayan mako guda, ta nuna Gwaggo ta ce in je wurin Hajiya ta koya mini, sannan ta sake gwada ni. Gwaggo ta ce ita ba ta je Makka ba tukuna, amma koyarwa za ta koyar. Kwana bakwai na yi ina sharar kashin zomo a bayan ɗakinta, sai a na huɗu ta bar ni na taɓa ɗaya. Na ci gwajin, na yi bincikena, ba zomon da ya sake yin ƙara a hannuna.

Amma har gobe ban janye maganata duka ba. Na ce mutanen ƙauyenmu sun san zomo ba sai da littafi ba, kuma an gani da ido. Kuskuren kawai shi ne na sa kaina a cikinsu. Masu dariyar nan kuma, ba wanda ya iya matsawa kusa da keji sai ni, su riƙe wannan. Abin da na koya dai, in zan kira shaida a gaban jama'a, in fara tambayar ta a gida.

Takardar horon tana nan a bangon ofishina da sa hannun Dakta. Da sallar bara na je gida, na miƙa hannu zan buɗe kejin Gwaggo, ta doke mini shi da muciya.

"Likita ce ta sa maka hannu," ta ce. "Ni ban sa ba."