Zazzaɓin da Ya Tafi da Kwamfutar Tabawa

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da sallamawa ga hukuncin Mai Duka, Tabawa matar Idrisa ta unguwar Harobanda ke sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kwamfutarta, wadda ta cika ranar Laraba bayan azahar, tana da shekara shida a duniya, uku a hannunta.

Marigayiyar mai haƙuri ce. Shekara uku ke nan Tabawa na rubuta manhaja a wani kamfani a matsayin stajiya, 'yar koyon aiki, kuma a can stajiya ba ta da na'ura, ba ta da kujera a ɗaki mai sanyi. Marigayiyar ce ta rufa mata asiri. Kullum tare suke haye gadar kogi zuwa wurin aiki, sojoji su buɗe jaka su jujjuya ta, ba ta taɓa ƙorafi ba. Da Tabawa ta haifi ɗanta Buba, ta yarda da aiki bisa tabarma, ana shan nono a gefenta.

Ciwon ajali ya zo da zafin bana, sama ta hana ruwa, kuran kuma, wato wutar lantarki, sai ya ga dama. Jikinta ya yi rau, numfashinta ya koma fuuu, fuuu. To, Tabawa uwa ce, abin da ta sani game da zazzaɓi shi ta yi. Ta rage ruwan wankan Buba, ta jiƙa tsumma, ta matse, ta shimfiɗa mata. Kwana tara ana haka, har an fara ganin sauƙi. Ran na goma Buba ya tsala kuka, ta zabura, ta ɗora mata tsumman ba ta matse ba. Tin, tin, tin. Shi ke nan.

Ta tafi da aikin wata bakwai, wanda za a nuna wa darakta ranar Litinin, a ga ko Tabawa ta isa aikin dindindin. Ta bar caja mai ɗaurin roba, da jaka, da littafin da Tabawa ke rubuta layukan manhaja da hannu in kuran ya ɗauke. Rabin aikin ne kawai a ciki.

Ba za a yi mata wanka ba, ruwan ya isa haka. Malam Amadou mai gyara na Talladje zai buɗe ta ranar Asabar da hantsi, ya duba ko ƙwaƙwalwarta na da sauran rai. Zaman makoki a gida ne. Don Allah kada a wahala da goro ko gero. Mai kwamfutar da zai iya haƙura da ita zuwa Litinin, ya zo da ita. Tabawa ta yi alkawari, ko gumi ba zai taɓa ta ba.