Kwanon Gwaggo Kulu

Ko zan manta da komai na shekarun da na yi a gidan rediyo, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ba, bayan la'asar, a tsakar gidan Gwaggo Kulu da ke Wurno. Waɗanda ke wurin su ne Gwaggo da kanta, da tsohuwarta Inna Tumba, da wasu maƙwabta da suka shigo taya ta gyaran shinkafa, sai Luba, wadda nake nema da aure, tana bayan labule. Sai kuma ni, cikin babbar riga.

A lokacin ina gabatar da wani ɗan shiri a Sakkwato, inda nake ɗaukar kalmar Turanci guda in warware ta da Hausa. Ina ji da shirin, ina kuma ji da kaina. Gwaggo Kulu kuwa ba ta ji da ko ɗaya. Ita ta riƙi Luba tun tana ƙarama, kuma maganarta ce ta ƙarshe a kan aurenta. Luba ta taɓa tsegunta mini abin da ta ce a kaina: "Ɗan rediyon ga, mi gare shi ban da murya?"

Ranar Juma'a na sauka Wurno gidan wani abokina, domin washegari da safe zan ɗauki shiri a wata makarantar sakandare ta kwana a Rabah. Gwaggo ta aiko mini da tuwon shinkafa da miyar kifin Goronyo, tuwon a cikin wata babbar langa mai murfi da zanen furanni. Da na gaya wa mahaifiyata a waya, ba ta tambayi daɗin tuwon ba. Cewa ta yi, "To, ka dai sani ba a maida kwanon mutane wayam. Balle kwanon surukai."

Na sani. Na sayi mayafi mai kyau da kwalbar turare, na naɗe kwalbar a cikin mayafin don kada ta yi ƙara, na sa a langar da aka wanke, na rufe, na ɗaure da ƙyalle, na ajiye a mota. Shirina shi ne daga Rabah in wuce gidan Gwaggo kai tsaye.

Kalmar wannan makon ita ce "void". Na shirya mata sosai. Na yi wa ɗaliban bayanin cewa ana faɗinta ga sararin da babu komai a cikinsa, ana faɗinta ga yarjejeniyar da kotu ta soke ta koma kamar ba a yi ba, ana kuma faɗinta ga giɓin da rashin wani ke bari a zuciya. Suka yi ta kallona cikin ladabi. Ba wanda ya motsa.

Ga wahalar aikinmu: mai sauraro ba ya ganin komai, sai abin da ya ji. Idan kana son ya ga ruwa, sai ka zuba shi kusa da makirufo. To yaya za ka sa mutum ya ji babu? Nan langar ta faɗo mini a rai. Na ɗauko ta daga mota, na fitar da mayafin da turaren na tura su cikin durowar teburin malami, na ɗaga langar na ƙwanƙwasa da biro. Ta ba da wani amo mai tsawo, tas, kamar ƙararrawa. Na cika ta da littattafai na sake bugawa, ta yi dum. Ɗalibai suka fashe da dariya, hannuwa suka tashi, shiri ya yi kyau. (Har yau ina ganin shi ne mafi kyawun shirin da na taɓa yi. Wannan ma wani abin haushin ne.)

Da muka gama, malamai suka ce in hanzarta, hanyar ba ta son yamma. Na kwashe littattafan, na rufe langar, na ɗaure ƙyallen, bakina na ta ƙara wa wani malami bayani a kan ma'ana ta uku. A hanya ban ji motsin komai a cikinta ba, na yaba wa kaina da iya naɗi.

Da na bi yadda aka saba, da na ba wani ya miƙa kwanon, ni in tsaya gaisuwa daga zaure. Amma ina so a ga ɗan rediyo na da abin da ya wuce murya. Aka yi mini iso, na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe su, na ajiye langar gaban Gwaggo. Sannan na gyara murya, irin wadda nake karanta labaran duniya da ita.

"Gwaggo, ga kwanonku, mun gode, Allah ya saka da alheri. Abin da ke ciki ba shi da yawa. Amma wallahi daidai yake da abin da ke cikin zuciyata game da gidan nan."

Gwaggo ta ce, "Madalla," ta tura langar gefe, don ba a buɗe kyauta gaban mai ita. Da an tsaya nan, da na tsira har zuwa magariba. Amma akwai Inna Tumba. Kakar Luba ce, saboda haka tsakanina da ita wasa ne, kuma tun ranar farko take kirana angonta.

"Miƙo nan in gani," in ji ta. "Angona ya kawo kaya, a ce sai kishi... a'a, sai ɗiyata za ta riga ni gani?"

Ta kwance ƙyallen a hankali. Ta ɗaga murfin. Ta leƙa. Ta matso da langar kusa da idonta, ta sa hannu ta shafa ƙasanta, ta kifa ta, ta girgiza. Sannan ta ƙwanƙwasa da zobenta. Amon nan dai da ya ba ni sha'awa da safe ya zagaye tsakar gida, kowa ya ji.

"Angona," ta ce, "zuciyar ga taka da wane sabulu anka wanke ta?"

Matan suka sunkuyar da kai cikin faifansu, kafaɗu na rawa. Bayan labule na ji wani abu kamar tari. A gidan rediyo babban laifi shi ne ka bar iska shiru. Ni kuwa na bar ta, har sai da wata kaza ta ratsa tsakanina da Gwaggo.

Gwaggo ba ta yi dariya ba. Ta dube ni ta ce, "Gaskiya ka hwaɗi, Malam. Ba shi da yawa."

Na shiga bayani, bayanin ya fi shirun muni. Na ce kayan na Rabah cikin durowa, na ce na ɗan ari kwanon ne don koyar da wata kalma, na fara ma jero ma'anoninta kafin in kama bakina.

"Tsaya," in ji Gwaggo. "Kwanon da anka kawo ni ɗaki da shi, shi ka kai makaranta kana kiɗa?"

Na ce, "Na'am, Gwaggo."

Ta ce in gaida gida.

Mayafin da turaren sun iso Wurno a hannun wani direba, bayan malamin ya gan su. Gwaggo ta karɓa ta ajiye. Da shirin ya fita, na ƙara jimla guda a ƙarshe: godiya ga Hajiya Kulu ta Wurno, wadda amon kwanonta masu sauraro suka ji. Luba ta ce a makon nan duk matar da ta shigo gidan sai an sauko da langar an buga mata, an ce ita ce ta rediyo. Ba a jima ba Gwaggo ta aika a ce wa magabatana su zo. Ta ce yaron ba shi da wayo, amma a durƙushe ya amsa laifinsa bai ɗora wa kowa ba.

Tun daga ranar, duk abin da ke da murfi sai na leƙa cikinsa kafin in yi jawabi a kansa.

Ranar kai lefe, yayyena sun dawo sun ba ni labari cewa babu akwatin da aka buɗe sai da Gwaggo ta ƙwanƙwasa shi, ta kara kunne.